Wayar Tagulla

Babana Irmiya fanka yake gyarawa
a wata rumfar kwano a Mabera,
inda ranar watan huɗu ke narka kwalta,
har ƙadangare ya nemi inuwar taya.
Yana sanyaya ɗakunan mutane,
amma shi kansa garwashi ne.
Innarmu kan ce, a hankali don kada ya ji,
"Da zuciyar mutumin nan na da makunni
da tuni na rage ta zuwa lamba ɗaya."

Ba ya fashin sujada ranar Lahadi.
Amma ba wannan nake son faɗa ba.
Kowa na iya goge takalmi
ya zauna a benci na gaba.

Wata Talata aka nemi ƙullin wayar tagulla,
sabuwa fil, ta naɗin injin Alhaji Ɗanjeka.
Babu ita.
Baba ya juya kan Sahabi, yaron shagonsa,
ɗan shekara goma sha huɗu, mai in'ina.
Gaban mai shayi, gaban mai faci,
gaban masu jiran a-daidaita,
ya kira shi da sunan da ba a kiran ɗan mutane.
Yaron ya buɗe baki, kalma ta maƙale.
Ya ajiye sukundireba. Ya tafi.

Da dare ni na ɗauko jakar Baba
zan ciro masa maganin tari.
Tagulla ta yi mini ƙyalli daga ƙasan jaka.
Shi ya sa ta da hannunsa tun safe, ya manta.

Mu biyu kaɗai muka gani.
Na ce, "Baba, a ce an tsince ta bayan shago."
Ya dube ni, bai tanka ba.
Tuwonsa ya huce a kwano.
Can tsakar dare na jiyo shi a tsakar gida,
gwiwa a kan siminti mai sauran zafin yini,
ba addu'a mai tsari irin ta majami'a ba,
gardama ce, kamar mai ciniki da wanda ya fi shi.
"Ya Almasihu, yaro ne fa.
Ni da furfurata?"
Shiru.
Sai kuma, "To. Na ji."

Da safe bai buɗe shago ba.
Ya taka har Gagi, ya yi sallama da uban yaron,
ya dawo da Sahabi a gefensa.
Ya kira mai shayi. Ya kira mai faci.
Ya ce, "A nan na zubar da mutuncinsa,
a nan zan kwashe.
Ga wayar. A jakata ta kwana.
Ba ɓarawo a wurin nan sai bakina.
Sahabi, ka yafe mini."
Muryarsa na rawa kamar fankar da ƙusarta ta kwance.

Mai shayi ya sunkuyar da kai yana juya cokali
a kofin da babu komai ciki.

Ba zan ce daga ranar ya zama ruwan randa ba.
Ya ci gaba da faɗa,
da mu, da masu wuta, da awakin maƙwabta.
Sai dai fushinsa ya daina kwana,
kuma ya koyi hanyar komawa,
yana bin ta ko da rana tsaka.

Yau shekara tara da binne shi.
Sahabi ke da rumfar, da yara uku a ƙarƙashinsa.
In lokacin salla ya yi yakan rufe ya tafi masallaci.
Ƙaramin gicciyen katakon Baba
na nan rataye a ƙusarsa, bai cire ba.
Na tambaye shi dalili.
Ya daɗe yana kokawa da kalmar,
sannan ya ce,
"N-na mutumin da ya ba ni haƙuri ne."